Daga Bakin Zaure: Tsohon Gidan Jan Bulo na Layinmu a Birik

A fitowar da ta gabata na yi alkawarin za mu ƙarasa maganar adashin matan 'yan kasuwa. To ku yi mini haƙuri, sai wani jiƙon. Wani abu ne ya taso a layinmu nan Birik da ya hana ni sukuni kwana biyu, kuma na tabbata waɗanda ke karanta mu daga Duwala, Kumasi, Kwatano ko Bangi, kowa zai hango layinsu a ciki.

Akwai wani tsohon gida a ƙasan layinmu, in ka wuce masu ɗinki ka fara gangarawa wajen kwari. Da jan bulo aka gina shi, ƙonanne, irin wanda in ka ƙwanƙwasa za ka ji yana amsawa. Zaure ne babba a gaba, sai ɗakuna huɗu a jere da baranda, sai rijiya da wani mangwaro da ya girmi duk wanda ke layin in ban da mutum ɗaya. Benaye sun taso ta hagu da dama sun rufe shi, har baƙo zai wuce bai lura ba. Kwanon ya yi tsatsa, bangon gabas ya tsage daga sama har kusan taga. Amma da rana tsaka, lokacin da shagunanmu na bulon siminti suka zama tanda, in ka shiga zauren nan sai ka ji sanyi kamar ka tsoma kai a randa.

Mutum ɗayan da na ce ta girmi mangwaron ita ce Gwaggo, autar wanda ya gina gidan, ta haura tamanin. Ranar Talata bayan la'asar ta aiko jikanta ya kira ni. Na tarar da ita a baranda da wata takarda a hannu.

"Malam, kai da ka iya Faransanci, karanta mini wannan."

Na duba, na ce, "Gwaggo, tayin sayen gida ne."

"Wannan na sani. So nake in ji ko sun rubuta kuɗin zauren daban."

Na sake dubawa. An auna fili, an rubuta yawan mitocinsa, an buga kuɗin kowace mita, an tara. A ƙasa kuma an cire wani abu, wai ladan rushe tsohon gini da kwashe ɓaraguzai. Na gaya mata haka. Ta yi shiru, can ta ce, "To ashe ba gidan suke saye ba. Gidan ma bashi ne a kanmu."

Tun daga ranar nake juya wannan magana. Mai tayin bai yi laifi ba, ɗan kasuwa ne kamar mu, shaguna yake son zubawa a ƙasa da ɗakunan haya a sama, kuma lissafinsa daidai ne. Sai dai akwai abin da lissafin bai kama ba, kuma mu da muke alfahari da iya ciniki bai kamata a sayi kaya a hannunmu ba mu san abin da ke cikin ƙunshin ba.

Bari mu ɗan koma baya, don yaranmu da yawa sun tashi suna cewa Birik ba su san daga ina sunan ya fito ba. Yawunde ba tsohon gari ba ne in aka jera shi da Kano ko Katsina. A 1889 ne Jamusawa suka kafa sansani a kan tudu a ƙasar Ewondo, suka kewaye shi da shinge, shi ya sa har gobe 'yan ƙasa ke kiran garin Ongola, wato shinge. Kafin nan fatakenmu sun riga sun san hanyar kudu. Daga Yola da Banyo su biyo ta Tibati, su sauka Yoko, su kai Ngila a ƙasar Vute, arewa da kogin Sanaga, suna kawo tufafi da duwatsun ado, suna komawa da hauren giwa. Da bayi ma, kada mu ɓoye, don haka cinikin wancan zamani yake. Jamusawan farko da suka isa Ngila wajen 1890 sun tarar da Hausawa a can zaune. Da sansanin Yawunde ya kafu, sai ayari ya ƙetaro Sanaga.

Hafsan Jamus da ya riƙe sansanin daga tsakiyar shekarun 1890, Hans Dominik, da ƙonannen bulo ya yi gini. Ginin nasa yana nan har yau a bayan ma'aikatar kuɗi, kusa da maƙabartar Jamusawa, kuma shi ake lissafawa a matsayin gini mafi tsufa a garin. Ƙona bulo kuwa yana son abu uku: yumɓu, ruwa da itace. Kwarin da ke ƙasanmu, inda rafin Abiergue ke bi, ya haɗa su duka. Nan aka kafa wurin ƙona bulo tun zamanin Jamus, a yankin da 'yan ƙasa ke kira Ekoudou. Da Faransawa suka karɓi gari bayan 1916, sai suka riƙa ce wa wurin Briqueterie, wato mabugar bulo, mu kuma bakinmu ya gajarta shi ya koma Birik. Mutanen Kano ba za su yi mamaki ba, su ma suna da unguwar Janbulo.

Kakanninmu ba a nan suka fara sauka ba. Can kusa da tsakiyar gari suka fara yada zango, sai aka riƙa tashinsu ana matsar da su duk lokacin da unguwar Turawa da ofisoshi suka buƙaci fili. Yawunde ta zama hedikwatar Kamarun Faransa a farkon shekarun 1920, jirgin ƙasa ya iso daga Duwala a 1927, gari ya fara kumbura. A cikin shekarun 1930 ne aka kawo Hausawa Ekoudou. A lokacin nan bayan gari ne, jeji da fadama da sauro.

A nan labarin Gwaggo ya shigo. Ta ce mahaifinsu daga ƙasar Kano ya taso yana saurayi, ya yi shekaru a Ngaundere, ya gangaro da shanu. Da aka ba shi wuri a Ekoudou, ɗakin foto-foto ya fara yi kamar kowa, wato a kafa itatuwa, a ɗaure da gwangwala, a yaɓe da jar ƙasa, a rufa da tabarmin ganyen tukurwa. Irin wannan ɗaki a ruwan Yawunde, inda damina biyu ce a shekara, kullum cikin gyara yake. Amma ya dace da tunanin bafatake. Ai baƙo raɓa ne, in ji masu magana. Wanda aka tasa sau biyu, me zai kai shi zuba dukiya a bango?

Shi kuwa bayan 'yan shekaru sai ya sayar da shanu, ya ɗauki masu aikin yumɓu a kwari, aka buga masa bulo, aka jera aka ƙona kwana da kwanaki. Gwaggo ta ce yayyenta da matan gida a ka suka riƙa hawo da shi, kuma abokansa sun yi ta yi masa dariya, suna cewa wane ya manta hanyar gida. Mutumin da ya gina da ƙonannen bulo a wancan lokaci ya yanke shawara ne a gaban kowa: a nan zan tsufa, a nan za a binne ni, a nan 'ya'yana za su yi aure. Bai rubuta wannan a takarda ba, don ba ya boko. Bangon ne takardar.

Kuma gidan gona ne, abin da zai ba yaran yanzu dariya. Daga bayan rijiya har bakin rafi masara ce da rogo da gyaɗa, da makabo da matan Ewondo maƙwabta suka koya wa matan gidan shukawa. Akwai garke a gefe inda ake tsare shanun da suka iso daga Adamawa kafin a kai su mayanka. Yanzu ina gonar? Mu ne a kai. Duk wanda ya iso daga arewa da jaka ɗaya, a zauren nan yake sauka, don mai gidan fatoma ne: ya ba ka masauki, ya ajiye maka kuɗi, ya haɗa ka da mai saye, ya tsaya maka in an yi rigima. In ka yi shekara biyu ka kawo mata, sai a yanka maka wani gefen gonar ka kafa ɗaki. Da haka masara ta ƙare, layi ya tashi. Ni kaina da na tambayi mahaifiyata, sai ta ce kakana a wannan zaure ya yi watanninsa na farko a Yawunde. Shekara arba'in ina wucewa ta ƙofar ban sani ba.

To mene ne amfanin wannan duka ga mai shago a yau? Zan faɗa muku yadda nake gani, wanda bai yarda ba ya rubuto.

Duk wanda ya zauna a kudu ya san akwai ranar da ake tuna maka cewa kai baƙo ne. Ba kullum ba, kuma ba kowa ba, don tsakaninmu da Ewondo akwai auratayya da amana ta shekara ɗari. Amma ranar zaɓe, ko ranar rabon rumfuna a kasuwa, ko ranar da aka yi faɗa a tasha, sai ka ji an ce ku koma inda kuka fito. Yaron da aka haifa a Birik, aka haifi ubansa a Birik, wanda bai taɓa ganin Kano ba sai a fim, ina zai koma? Idan ya buɗe baki ya ce mun daɗe a nan, magana ce kawai, kowa ma yana iya faɗa. Amma idan ya kama hannun abokinsa na makaranta ya kawo shi gaban wannan bango, ya ce kakan kakana ne ya ƙona wannan bulo a kwarin can tun kafin a sami 'yancin kai a 1960, to gani ya kori ji. Kuma bangon bai tsaya a kanmu kaɗai ba. Yana ba da shaidar mutanen ƙasar da suka karɓi baƙo suka bar shi ya yi gini mai ɗorewa a ƙasarsu. Wannan ma abin tunawa ne, a gare mu da su.

Mun kuma ga yadda unguwa ke ɓacewa cikin mako guda. Waɗanda suke nan a 2008 ba su manta rusau ɗin Ntaba ba, zamanin da Gilbert Tsimi Evouna ke riƙe da hukumar birnin, da kuma gefen unguwarmu da aka share ta wajen Warda, inda babban zauren wasannin da Sin ta gina ya buɗe a 2009. Ban kawo wannan don tayar da tsohon miki ba. Gari dole ya canja, hanya dole ta faɗaɗa. Abin da na lura da shi kawai shi ne, a idon mai zana taswira, unguwar da ba ta da wani abin da za ta nuna tarin kwano ce kawai a tsakiyar gari, a kan fili mai tsada. Mutanen Yawunde sun san Birik da suya da kilishi da yadi da telolin da ba sa barci daren salla. Madalla. Amma suya ana iya gasa ta a ko'ina. Abin da ba ya ɗaukuwa a kai wani wuri shi ne tsohon masallaci, da maƙabarta, da irin wannan gida. Gidajen kuwa ba katafila ce ke cinye yawancinsu ba, mu ne da hannunmu, ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da aka zo rabon gado.

Yanzu bari in juya in tsaya wa magada, don na zauna da su kuma ba mutanen banza ba ne. Sun haura ashirin. Wasu suna nan, wasu Duwala, wasu Garwa, akwai na Kano, akwai wanda ke Makka shekara da shekaru. A cikinsu akwai bazawara mai 'ya'ya biyar da ke sayar da ƙosai. Akwai saurayin da ya gama karatu yana tuƙa babur, yana jiran kasonsa ya kama shago. Ɗaya daga cikin jikokin ya ce mini, "Kawu, tarihi ba ya biyan kuɗin asibiti." Ban iya ba shi amsa ba, don gaskiya ya faɗa. Gado haƙƙi ne da Allah Ya raba da kanSa, ba a hana mai shi saboda wani yana jin daɗin kallon tsohon bango. Kuma na san mu marubuta, da sauƙi muke yin wa'azin riƙon gidan da ba a kanmu yake yoyo ba. Duk wanda zai ce kada a sayar, to ya zo da abin da zai sa a hannun bazawarar nan. In ba haka ba ya yi shiru.

Ba kuma kowane tsohon gida ne ya cancanci a tsaya masa ba. Wani tsufa ne kawai da gara. Wanda nake magana a kai shi ne gidan da layi ya fito daga cikinsa, wanda in aka tambayi tsofaffi goma ina kakanku ya sauka, bakwai za su nuna shi. Irin wannan a kowace unguwa ba ya wuce biyu ko uku.

Wasu sun riga mu gane haka. A Kano, Gidan Ɗan Hausa na ƙasa ne, ba bulo ba ma, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, kuma yana nan ana kai ɗalibai. A Agadas, tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013, kuma ba masallaci da fadar sarki kaɗai ake kai baƙi ba, har da gidan wani attajiri na da. Nan Yawunde ma, fadar bulo ta Charles Atangana, babban sarkin Ewondo da ya rasu a 1943, tana Efoulan. Ta taɓa lalacewa ƙwarai, aka tashi aka gyara ta. Kamaru kuma tana da dokar kare kayan tarihi da al'adu tun watan Afrilun 2013. Sai dai in muna jira ma'aikatar al'adu ta gangaro layinmu ta gano gidan Gwaggo da kanta, za mu daɗe. Ɗan Hausa da Atangana suna da masu rubuta sunansu a littafi. Fatoman da ya saukar da rabin layi, in jikokinsa ba su riƙe shi ba, babu mai riƙe shi.

Ga abin da na faɗa wa iyalin da suka nemi shawarata, kuma shi zan faɗa wa duk mai irin wannan gida, ko a Sabo ta Ibadan yake ko a Zangon Kumasi, sai dai dokar kowace ƙasa daban.

Kafin a yi maganar sayarwa ko riƙewa, a nemo takarda. A Kamaru, tun dokokin ƙasa na watan Yulin 1974, takardar mallaka da muke kira titir fonsiye ita ce hujjar da hukuma ta sani. Filin da ba shi da ita, cinikinsa ba shi da ƙafa a gaban doka, wanda ke da ita kuma sai ta hannun notar ake sayar da shi. Dokar ta buɗe ƙofa ga wanda ya zauna ko ya raya wuri tun kafin 5 ga Agusta 1974 ya nemi a yi masa rajista. To ku duba nan: me zai nuna an raya wuri kafin 1974 fiye da ginin da ya girmi shekarar da kusan arba'in, da rijiya, da mangwaro, da tsofaffin da za su yi shaida? Wanda ya yi gaggawar rushe tsohon gini kafin ya gyara takardunsa, ya kashe babban mai ba shi shaida da hannunsa. Haka nan a yi zaman iyali a rubuce, a je kotu a karɓo hukuncin da ke tabbatar da su wane ne magada. Yana cin lokaci da kuɗi, amma in babu shi ko sayarwar ma rigima ce za ta biyo baya. Dillalai sun fi son gidan da takardunsa ke a rikice, don a nan ake saye da araha.

Sannan a tuna ba dole ne zaɓi ya zama biyu kawai ba, a sayar duka ko a riƙe duka. Malamanmu na Malikiyya suna da babin shufu'a: idan mutane suka yi tarayya a gida da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayya yana da haƙƙin ya biya kuɗin ya karɓa. Ma'ana shari'a da kanta ta fi son gida ya zauna a hannun masu shi. A cikin magada ashirin ba a rasa uku ko huɗu da Allah Ya buɗa wa. Su sayi kason masu buƙata a farashin gaskiya, ba farashin 'yan'uwantaka ba, don a nan ake cutar marayu da mata. Akwai kuma hubusi, wato waƙafi: waɗanda suka mallaki wani sashe su tsayar da shi don makarantar allo ko masaukin baƙi, yadda ba mai sayar da shi bayansu. Wannan a zauna da malami da kuma notar tare, don abin da aka ƙulla a zaure kaɗai jikoki suna iya kwance shi a kotu.

A gidan Gwaggo, filin da ke baya, inda garke yake a da, ya isa a tayar da bene. Zauren da ɗakuna biyu na gaba ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na wurin ba. Ana iya ba mai kuɗi baya, ko a yi yarjejeniya ya gina ya ci haya na wasu shekaru ya mayar, a bar gaba yadda yake. Kuɗin zai ragu, ban musa ba. Amma ragin da za a raba wa mutum ashirin, kowa abin da zai rasa kaɗan ne.

In an riƙe kuma, sai a san yadda ake riƙewa, don na ga gidajen da gyara ya kashe. Tsohon ginin bulo ta ka da ta ƙafa yake mutuwa. Ta ka, kwano ya huje, ruwa ya bi katako, gara ta shiga. Ta ƙafa, an yi ta ɗaga titi da kwata har gidan ya koma rami, ruwan sama yana kwanciya a gindin bango. Saboda haka kuɗin farko a kan kwano da indararo da magudana za a kashe shi, ba a kan fenti ba. Babban kuskure kuwa shi ne a kawo birkila ya shafe bangon da siminti ciki da waje don ya yi kama da na zamani. Magina na da da ƙasa ko farar ƙasa suke haɗa bulonsu, bango yana shan danshi yana fitarwa. Siminti ya fi bulon ƙarfi, kuma yana toshe shi, sai danshi ya maƙale a ciki, bulo ya riƙa ruɓewa a ɓoye, wata rana filastar ta ɓamɓaro da fuskar bulon gaba ɗaya. A nemi tsohon magini da ya san aikin farar ƙasa, a cike tsaga da irin abin da aka yi ginin da shi. Kuma don Allah kada a fasa bangon zaure a sa ƙofar shago ta ƙarfe. Na san haya tana da daɗi.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko dala, kuma shi ya fi gaggawa. Kowane yaro a gidan yana da waya. A zaunar da tsohuwa a ɗauki muryarta: daga ina aka taso, wa aka tarar, su wa suka sauka a zaure, wace shekara aka haƙa rijiya, wa aka aura daga maƙwabta. A ɗauki hoton kowane bango da kowace ƙofa. A buɗe tsohuwar adaka a fito da rasiɗan haraji na zamanin Faransa, da wasiƙun ajami, da takardun cinikin shanu, a ɗauki hotonsu a tura wa 'yan'uwa na Garwa da Kano, kada su zauna a wuri ɗaya inda gobara ko ruwa zai cinye su dare ɗaya. Ko da a ƙarshe an sayar da gidan, wannan ya tsira. Mu da muke cika waya da hotunan biki, minti talatin na muryar kaka bai fi ƙarfinmu ba.

Jiya da daddare na sake leƙawa. Na tarar da 'yammata biyu jikokin gidan sun sa Gwaggo a gaba da waya, tana ba su labarin ranar da saniya ta faɗa rijiya aka kwana ana jan ta, suna ta dariya. Babban jikan kuma ya gaya mini sun ce wa mai tayin ya ba su wata uku. An sa zaman iyali bayan salla, na Garwa ya ce zai zo, na Makka za a sa shi a waya. Mutum biyu sun nuna za su iya sayen kason bazawarar da na mai babur, in an yi kuɗin da adalci. Sauran ba su ce komai ba tukuna, kuma na ga fuskokin da ba su gamsu ba.

Da zan fita Gwaggo ta ce, "Malam, in ka rubuta, ka ce a turo mai gyaran kwano kafin ruwan Satumba. Sauran maganar ta jira."

Na ce to, Gwaggo. Ga shi na rubuta. Wanda ya san mai aikin kwano mai amana a Birik ko Tsinga ya yi mini magana, mako mai zuwa kuma mu koma kan adashinmu in Allah Ya kai mu.